Baban Cikin Waya

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji ku. Wata har cewa ta yi na fi mai gyaran fanka saɓa alkawari. Na yafe miki, gyara zama.

Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, ga inda muke. Injiniya yarinya ce 'yar shekara tara, babanta ne ya laƙaba mata sunan har ya bi ta. Shi magini ne, aiki ya kai shi nesa. Mamanta kitso take yi a shagon da ke jikin gidansu. Kafin ya tafi ya saka wa yarinyar wasan gini a tsohuwar wayar uwar, irin wanda mutum ke shiga daga ko'ina ya haɗu da wani su riƙa jera bulo tare. A cikin wasan nan uba da 'ya suke haɗuwa.

*

"Mama, ƙanana nake so. Irin wanda kike yi wa matar mai kemis."

Mama ta tsaya da kibiya a hannu tana kallon ƙeyar 'yarta. Yarinyar da sai an yi tsere da ita a tsakar gida kafin a kama kanta, yau ita ta tsefe gashinta da kanta, ta ɗauko kujera 'yar tsugunne ta dasa a bakin ƙofar shago, har da miƙo man kitso.

"Ƙanana? Ke da ko layi biyu ba a gamawa sai kin ce wuyanki zai tsinke?"

"Yau ba zan yi motsi ba."

"Biki za ki, ko miji kika samu ba mu da labari?"

Injiniya ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki da tafin hannu.

"Sirri ne."

"Sirri a gidana ni ban sani ba? To madalla. Kawo kan. Kin san dai Asabar ce, da azahar zan tafi kitson gida. In ba mu gama ba, haka za ki yini da rabin kai."

"Za mu gama."

Mama ta ɗage labulen shagon don haske ya shigo, ta zauna, ta sa yarinyar tsakanin gwiwoyinta. Titi ya riga ya cika, masu babur na ta hon, mai cajin waya na tsallaken titi ya ƙure rediyonsa kamar kullum. Ta tsaga layin farko, ta lakuto mai ta shafa.

Ranta fes yake. Kwanakin nan yarinyar tana cin abinci, tana waƙa a banɗaki, tana barci ba tare da ta rungume tsohuwar rigar ubanta ba. Abin da Mama ta yi ta tsoro bai faru ba.

An kwana biyu da sace wa maginin wayarsa a wurin aiki. Ya ajiye ta a kan buhun siminti ya hau sama, ya sauko bai gan ta ba. Da ya sayi 'yar ƙarama mai madannai, wadda ba ta san wani abu wai shi wasa ba, abu na farko da ya ce wa matarsa shi ne, "Kada ki faɗa wa Injiniya. In ta ji ba zan ƙara shiga wasan nan ba, kuka za ta yi har ta rame. Ki bari in samu wata tukuna."

Mama ta yarda. Har ƙarya ta tanada, in yarinyar ta zo tana cewa Baba ya daina shigowa, za ta ce mata sabis ne babu a inda yake. Ta jira, ta jira, Injiniya ba ta taɓa tambaya ba. Sai ta ce a ranta yaro akwai saurin mantuwa, ta gode wa Allah, ta ci gaba da harkokinta.

"Ɗago kai."

"To."

"Na ce ɗago kai. Wayar nan za ki ajiye ko kitson za mu ajiye?"

"Yanzu, Mama. Bari in ƙarasa gyara katangar Baba."

"Wace katanga kuma?"

"Wadda ya gina jiya. Ta karkace."

Hannun Mama ya tsaya cak a cikin gashin.

"Jiya?"

"Eh, bayan na dawo makaranta."

"Babanki ne ya gina?"

"Shi mana. Wa zai gina?"

Mama ta ƙura wa wayar ido. Abin da ya fara zuwa mata shi ne ta fizge wayar ta buga da bango, ta juyo da yarinyar ta girgiza ta har sai ta amayar da komai. Ni da nake ba ku labarin nan, da ni ce da tuni na yi hakan, don na san halina.

Amma Mama ta san 'yarta. Tsawa ɗaya za ka yi mata ta kulle baki, ko za a kwana ana lallashi ba za ka ƙara jin uffan ba. Ta kalli siririn wuyan nan da ke gabanta, ta haɗiye abin da ya taso mata. Ta kama gashin ta ci gaba da kitso.

"Ni dai an raina ni a gidan nan," ta ce, tana ƙoƙarin daidaita murya. "Kullum ku biyu kuna gini, ko sau ɗaya ba a taɓa cewa Mama zo ki ga ɗakinki ba."

Injiniya ta waigo da sauri har layin ya kuɓuce.

"Kina so ki gani? Ai na zaci ba ki so. Kullum cewa kike wasan banza ne."

"Yau ina so."

Yarinyar ta ɗaga wayar sama yadda uwar za ta gani ta saman kanta. Murna har ta sa muryarta na tsalle.

"Ga ƙofarmu, kin ga shuɗiya ce. Ga shagonki, har allon na rubuta. Ga kemis. Ga rumfar mai caji. Nan kuma hanyar makarantarmu ce, in ka wuce famfo sai ka sha kwana."

Mama ta zura ido. Titinsu ne. Ba kama ba, shi ne, an jera shi da ƙananan bulo masu launi, har kwatar da ke gaban kemis da itacen da ya faɗo rabi a kan katangar maƙwabta. Ko baƙo aka miƙa wa wannan, zai zo har ƙofar gida bai tambayi kowa ba.

"Ke kika gina duk wannan?"

"Ni da Baba. Tun farko ya ce in gina komai yadda yake, kada in rage ko bulo ɗaya, don in ya shiga ya ji kamar ya dawo gida."

Wannan kam maganar mijinta ce, ta san ta. A gabanta ya faɗa ranar da zai tafi, yana ɗaure jaka yana ɓoye idonsa.

"Wannan fa?"

"Ƙofar baya ce. Da ban gina ta ba, sai kwanan nan Baba ya ce in ƙara. Ya ce ya manta yadda take. Na faɗa masa sakatar ba ta kamawa, sai an sa dutse."

Mama ta lumshe ido ta buɗe.

"Da can ai da murya kuke hira, ina jin ku kuna ta dariya. Yanzu ban ji."

"Abin maganarsa ne ya lalace. Rubutu muke yi."

"In ya kira a wayata fa? Ban taɓa jin kin yi masa zancen wasan ba."

"Ya ce zancen wasa a cikin wasa ake yin sa. In na faɗa a waya za ki ji, sirrin ya lalace."

Sai kuma yarinyar ta rage murya kamar mai tsoron kada bango ya ji.

"Mama, in faɗa miki wani abu ba za ki faɗa masa ba?"

"Faɗi."

"Yanzu Baba bai iya gini ba. Da in ya ja katanga, miƙewa take sambal. Shi ya koya min a fara daga kusurwa. Yanzu daga tsakiya yake farawa, ko taga bai san inda ake sa ta ba. Ina ga gajiya ce ta yi masa yawa. In ya fita sai in rushe in gyara. Ban taɓa nuna masa na gani ba, kada ya ji kunya."

Wani abu mai ɗumi ya ɗiga a kan tsagar da Mama ta yi. Injiniya ta kai hannu ta taɓa.

"Mama, ruwa ne?"

"Man ne ya narke. Ba ni wayar in ga rubutun naku."

"Sirrin yana ciki fa."

"Ni da ke akwai sirri? Wa ya ɗauke ki a ciki?"

Yarinyar ta miƙa mata wayar.

Mama ta fara ja da yatsa tana karantawa. Sunan mijinta ne a sama, da ɗan mutumin wasan mai hular kwano wanda shi ya zaɓa. A ƙasa kuma maganganun da bai taɓa yi ba.

Yaushe Mama take fita?

In ta fita wa yake zama da ke?

Ke kaɗai kike zuwa makaranta?

Ranar Asabar zan dawo. Kada ki faɗa wa kowa, so nake mu ba Mama mamaki.

Ki yi kwalliya. In ta tafi kitso ki cire dutsen ƙofar baya. Na sayo miki babbar waya taki ta kanki.

Ƙarƙashin kowace tambaya akwai amsar Injiniya, dalla-dalla, da 'yan zukata ja a ƙarshe.

Mama ta ɗora wayar a cinyarta, ta ajiye kibiya. Ta kama kafaɗun yarinyar ta juyo da ita a hankali har suka fuskanci juna. Rabin kan kitse, rabin a tsaye. Ta ya ake faɗa wa yaro irin wannan? Ta laluba wayarta a cikin kwandon mataji, ta kira mijinta, ta buɗe murya ta ajiye a cinyarta.

Ya ɗauka cikin ƙarar injin kwaɓa siminti.

"Maman Injiniya, lafiya da safen nan?"

"Matsa inda za ka ji ni. Ga 'yarka."

Ƙarar ta yi nisa. Muryarsa ta fito sosai, da fara'ar nan tasa.

"Injiniyata! Yaya aiki?"

Yarinyar ta kalli uwar, ta kalli wayar. Ta matso da baki ta yi raɗa, wai don kada Mama ta ji.

"Baba, ka kusa isowa?"

"Isowa ina? Ina kan bene hawa na uku, siminti har gira."

"Amma ka ce yau."

"Na ce yau me?"

Mama ta ce, "Baban Injiniya, wayarka da aka sace. Wasan yana buɗe a ciki?"

Ta cikin wayar ana jin wani lebura can nesa yana kiran a miƙo ruwa.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Ban taɓa fita daga cikinsa ba. Wayar ko makulli babu. Siminti ya cinye min zanen yatsa, ba ta buɗewa, sai na cire makullin gaba ɗaya. Me ya faru? Wani ya yi mata magana?"

"Tun ranar. Kullum. Ya ce yau zai zo ta ƙofar baya in na fita."

Ta ji numfashinsa ya sauya. Ta san yanzu ya zauna a kan bulo, ya dafe kai. Ta zaci ihu zai yi. Da ya yi magana, muryar da yake lallashin yarinyar da ita in tana zazzaɓi ce ta fito.

"Injiniya, kina ji na?"

"Ina ji."

"Zan faɗa miki wani abu, ki riƙe hannun Mamanki. Kin riƙe?"

"Na riƙe."

"An sace min waya, an daɗe. Tun ranar ban ƙara shiga wasanmu ba. Ni na ce Mamanki ta ɓoye miki, don ba na so ki yi kuka. Wanda kike magana da shi ba ni ba ne."

Yarinyar ba ta motsa ba. Idonta na kan ɗan mutumin nan mai hular kwano da ke tsaye a bakin shuɗiyar ƙofa.

"Amma sunanka ne."

"Sunana ne, amma ba ni ba ne."

"Ya ce min Injiniya."

"Ya karanta 'yan saƙonnin da na taɓa rubuto miki a baya ne, 'yata. A nan ya gani."

Injiniya ta ɗago ta kalli uwar.

"To wa nake ta gyara wa katanga?"

Ta ture tsohuwar wayar daga cinyar uwar kamar wani ƙwaro ne ya hau ta, ta fashe da kuka, irin kukan da ba ya fita da sauti sai jiki ya yi ta jijjiga. Mama ta jawo ta ta ɗora a cinya, duk da ƙafafun sun yi tsawo har suna jan ƙasa.

"Na faɗa masa komai, Mama. Na faɗa masa dutsen. Na faɗa masa ajinmu. Za ku dake ni?"

"Wa zai dake ki? Hannun da ya taɓa ki yau sai na karya shi, ko nawa ne."

"Ni na jawo."

"Ke ba ki jawo komai ba," in ji uban. "Babanki kika yi wa biyayya. Mu manya mu muka yi wauta, muka ɓoye miki abin da ya kamata ki sani. Ki yafe min."

Tausayin su biyun ya cika Mama har ta rasa wanda za ta fara lallashi. Ta goge wa yarinyar hanci da gefen zaninta.

"Kuma kin gane shi ai," ta ce. "Kin ga katangarsa ta karkace. Da kin zo kin ce min Mama, ginin Baba ya canza, da tuni mun kama bakin zaren."

"Ya ce sirri ne."

"Saurara, Injiniya," uban ya ce. "Daga yau, duk wanda ya ce ki ɓoye wa Mamanki wani abu, ko da sunana ya zo, ko da fuskata ya zo, ba ni ba ne. Ni ba zan taɓa cewa ki buɗe ƙofa Mamanki ba ta nan ba. Kin ji?"

"Na ji."

"Maimaita min."

Ta maimaita cikin shessheƙa, tana haɗiye rabin kalmomin.

"Yauwa. Maman Injiniya, kada ki goge komai. Ki ɗauki hoton rubutun nan duka da wayarki. Kada ki ba shi amsa, kada ki zage shi, kada ya san mun gane. Kitson gidan nan ki fasa shi."

"Ko cewa ka yi in je, ba inda za ni."

"Ki kira kawunta ya zo ya raka ku wajen 'yan sanda. Ƙofar bayan nan a sa mata kwaɗo yau, ba gobe ba. Ni zan sauka in nemi mota."

"Aikin fa?"

"Aikin ya jira."

Injiniya ta ɗago daga ƙirjin uwar, ido jawur.

"Baba, gidanmu na ciki fa? Rushe shi za a yi?"

"In 'yan sanda sun gama gani, za mu rushe. Titinmu ba abin nuna wa duniya ba ne, ni ne ban yi tunani ba. Sai mu gina wani, wanda babu shi a ko'ina. Mu kulle shi, ba mai shiga sai ni da ke da Mama."

"Mama ba ta iya ba."

"Sai ki koya mata."

"Ji min yarinya," in ji Mama, tana share nata idon. "Ni da nake tsaga layi ya miƙe a kan mutum yana mutsu-mutsu, bulo ne zai gagare ni?"

Dariya ta kuɓuce wa yarinyar a tsakiyar kuka, hawaye na ci gaba da zuba. Uban ma ya yi 'yar dariya daga can. Mama ta sumbaci goshinta, ta shafa gefen da ba a kitse ba.

"Zan ƙarasa miki. Ƙanana, irin na matar mai kemis. Babanki na gaske zai zo ya gani."

Tsohuwar wayar ta yi ƙara a ƙasa, inda ta faɗi kusa da kujera.

Su biyun suka kalle ta.

"Mene ne wannan?" in ji uban.

Mama ta sunkuya ta ɗauka, ta juya fuskar wayar yadda yarinyar ba za ta gani ba. Ɗan mutumin mai hular kwano yana motsi. Sabon rubutu ya fito a ƙarƙashin sunan mijinta.

Injiniyata, me ya sa kike kuka? Wa ya taɓa min ke?

Ta danna fuskar yarinyar a ƙirjinta, ta lulluɓe ta da mayafi.

"Maman Injiniya? Ki yi magana mana. Me aka rubuto?"

A hankali ta ɗaga kai ta kalli titi ta ƙofar shagon da ta ɗage wa labule da hannunta. Masu jira a rumfar mai caji, mai babur da ya tsaya a inuwa, wani a bakin kemis, wani jingine da turken fitila.

Duk wanda idonta ya sauka a kansa, waya ce a hannunsa.